Ka Canza Kan Narkarwa, Zare Ya Fara Toshewa: Yadda Ake Gano Matsalar a Firintar 3D

Firintar 3D da ta shekara tana aiki lafiya, sai a canza mata kan narkarwa, wato ɓangaren da ke narkar da zaren roba ya fitar da shi ta nozul, daga nan sai rigima ta tashi. Ta fara bugu sumul, bayan minti ashirin giyar da ke tura zare ta kama ƙas-ƙas, nozul na yawo a iska babu abin da ke fita. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne ƙara zafi, daga digiri 200 zuwa 215, daga nan zuwa 230. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Toshewar da ke biyo bayan canjin kai ba kasafai take zama ta ƙarancin zafi ba. Ko dai an bar ɗan gibi wajen haɗawa, ko zafi na hawa sama inda bai kamata ya kai ba, ko kuma lambar da allo ke nunawa ba gaskiya ba ce.

Mu fara daidaita sunaye. Daga ƙasa akwai nozul, an ɗaure shi cikin bulon alminiyam. A jikin bulon akwai hita da kuma tamista, ƙaramin sensan da ke auna zafi. Daga bulon sai wani siririn bututun ƙarfe ya hau sama, shi ne maƙogwaro, aikinsa ya bar zare ya wuce amma ya hana zafi wucewa. Maƙogwaron ya shige cikin ƙarfe mai haƙarƙari da ke aiki kamar lagireton mota, da ƙaramar fanka tana hura masa iska. Dokar gaba ɗaya guda ce: ƙasan maƙogwaro zafi, samansa sanyi. Duk inda wannan iyaka ta rushe, zare ya maƙale.

Kafin ka kunna

Ɗauki maltimita, ko ka aro wajen mai gyaran waya, ka auna hitar kafin ka jona ta. Hita mai wat 40 ta volt 24 za ta nuna wajen om 14.4, mai wat 40 ta volt 12 kuwa wajen om 3.6. A ido babu bambanci tsakaninsu, kuma masu sayarwa ta intanet kan turo wadda ba ita aka nema ba. Firintar Ender 3 da 'yan uwanta na aiki da volt 24, wasu tsofaffin firintoci kuma da 12; duba rubutun da ke jikin akwatin wutar injinka. Idan ka jona hitar volt 12 a kan 24, ƙarfinta zai ninka sau huɗu ya kai wat 160, zafi ya yi tsalle cikin daƙiƙoƙi, wannan kuma maganar gobara ce. Idan akasin haka ne, hitar ta koma wat 10, za ta yi ta jan ƙafa ba ta kai 200 ba har injin ya gaji ya tsaya. Fankar ma haka take, duba volt ɗinta.

Tamistar da aka fi samu tana nuna kilo-om 100 a digiri 25. A ɗakin Katsina cikin Afrilu ba za ka ga 100 ba, kada hankalinka ya tashi: a digiri 35 za ta nuna wajen 65, a digiri 40 wajen 53. Idan ka ga wajen kilo-om 1.1, to ba irinta ba ce, PT1000 ce, sai an canza saiti kafin a yi amfani da ita. Idan allo ya rubuta MINTEMP, waya ta tsinke ko ba ta shiga soket ba. Idan MAXTEMP ya rubuta, wayoyin biyu sun haɗu, galibi saboda an matse ƙaramin sukurun da ke riƙe tamistar har ya huda rigar wayar. Wannan sukurun taɓawa kawai yake so, ba ɗauri ba.

Bakin zaren zai gaya maka

Idan toshewa ta faru, kada ka kwance komai tukuna. Ɗumama kan zuwa zafin bugu, saki hannun giya, ka zaro zaren da hannu, ka kalli bakinsa a haske. Wannan ɗan guntun ya fi duk wani zato.

Idan bakin ya fito da kumburi kamar kan ashana, mai gefe kamar an yi masa zobe, ya fi kaurin milimita 1.75 na zaren, kuma sai da ka yi da gaske kafin ya fito, akwai gibi a mahaɗa. Idan kumburin dogo ne, santimita ɗaya ko biyu sun yi kauri sun yi laushi, zafi ne ya hau maƙogwaro. Idan bakin ya fito siriri mai tsini lafiya lau amma da baƙin ɗigo-ɗigo, datti ne a nozul. Idan kuma bakin ba shi da aibu ko kaɗan, sai can sama inda giya ta cinye gefen zaren ta yi masa rami, to matsalar ba a cikin kai take ba, ko kuma kan bai kai zafin da yake faɗa ba.

Gibi

Wannan ne ya fi yawa, kuma gyaransa ya danganta da irin kan da ka saka.

A kai irin na asali na Ender 3, farin tiyon PTFE (roba mai santsi da ke jure zafi), mai kaurin milimita 4 da rami milimita 2, yana shiga cikin maƙogwaro har ya dafa bayan nozul. Idan bakin tiyon bai yanku daidai ba, ko bai kai ƙasa ba da ko rabin milimita, narkakkiyar roba za ta cika wurin, ta daskare, ta zama abin toshi. Almakashi da filaya na murƙushe tiyo, kada ka yanka da su. Sa sabuwar reza ka yanka a miƙe, ka tsayar da bakin a kan tebur ka gani ko ya zauna ba karkata. Sannan ka ɗumama kan zuwa 230 ko 240, ka ɗaure nozul har ƙarshe, ka warware shi kashi uku cikin huɗu na zagaye, ka tura tiyon har ya tsaya, ka sa ɗan shuɗin kilif ɗin da ke kulle makamar tiyo, wato abin da ke riƙe tiyon a saman kai, sai ka sake ɗaure nozul. Wannan ɗaurin na ƙarshe shi ke matse tiyon a kan nozul. Makamar tiyon da kanta kan gaji, haƙoranta na ciki su daina riƙo. Yi wa tiyon alama da maka daidai bakin makama, ka kalle shi lokacin bugu. Idan alamar na hawa tana sauka fiye da ɗan motsi kaɗan, canza makamar.

A kai mai ƙarfe zalla, irin E3D V6 ko Micro Swiss, tiyo ba ya kaiwa wurin zafi. A nan bayan nozul ne ke haɗuwa da bakin maƙogwaro a cikin bulo, ƙarfe da ƙarfe. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗaure nozul har kafaɗarsa ta manne da bulo, a ɗauka an gama. A'a. Idan kafaɗar ta manne da bulo, akwai yiwuwar bai taɓa maƙogwaro ba sam. Yadda ake yi: ɗaure nozul har ƙarshe da sanyi, warware shi rubu'i zuwa rabin zagaye, ɗaura maƙogwaro daga sama har ya dafa nozul, ka tabbata akwai ɗan fili da ido ke gani tsakanin kafaɗar nozul da bulo. Sai ɗaurin zafi. Kamfanin E3D na ba da shawarar digiri 285 ga V6. Idan injinka ba ya yarda ya wuce 260, yi a nan. Dalilin zafin shi ne alminiyam ya fi ƙarfen maƙogwaro da tagullar nozul buɗewa, ɗaurin da aka yi da sanyi zai saki da zarar bulo ya yi zafi.

Wajen wannan ɗaurin ake asarar kaya. Riƙe bulon da sifana ɗaya, ka juya nozul da wata, ƙarfin yatsa ɗaya a kan ƙaramar sifana ya isa. Idan ba ka riƙe bulon ba, siririn wuyan maƙogwaro zai murɗe ko ya karye. Kuma kashe hitar daidai lokacin da za ka sa sifana, domin idan ƙarfe ya haɗa wayoyin hita biyu suna da wuta, allon lantarkin da ke sarrafa injin ne zai ƙone. Alamar gibi daga waje ita ce roba na tsatsowa ta saman bulo ko ta gefen tiredin nozul, tana zama baƙin ƙwallo.

Abu ɗaya kuma: nozul ɗin MK8, irin na Ender 3, da na V6 duk tiredin M6 ne, kowanne zai shiga bulon ɗan uwansa, amma tsawon tiredinsu ba ɗaya ba ne. Na MK8 ya fi gajarta, a bulon V6 kafaɗarsa kan riga mannewa kafin ya kai maƙogwaro.

Zafin da ke hawa sama

Wannan ita ce toshewar da ke jira sai bugu ya yi minti ashirin ko awa guda. PLA, zaren robar da aka fi bugu da shi, na fara laushi tun daga wajen digiri 60. A ƙasashen da ake ƙera waɗannan kawunan, ɗaki na kan digiri 20 da wani abu, lagireto na da sarari mai yawa kafin ya kai 60. A Katsina da Daura, a bazara, zafin rana kan haura 40, shago mai rufin kwano kuma ya fi haka da azahar. Iskar da fanka ke hurawa ita kanta mai zafi ce. Shi ya sa saitin da ka kwafo daga wani mai bidiyo a Jamus zai yi masa aiki, kai kuma ya toshe maka a watan Mayu. Kai mai ƙarfe zalla ya fi shan wannan wahala da PLA, domin PLA mai laushi na manne wa ƙarfe, ba ya manne wa PTFE. Gaskiyar magana, wanda PLA kaɗai yake bugawa ba shi da wata babbar riba a kan ƙarfe zalla. Amfaninsa na ga mai buga zaren da ke son zafi fiye da PLA, irin PETG da zafi sosai, da ABS, da nailan.

Fara da fankar lagireto. Dole ta riƙa juyawa da cikakken ƙarfi muddin kan na da zafi. A Ender 3 tana tashi da zarar an kunna injin, a wasu alluna kuma sai kan ya kai digiri 50. Fanka biyu ne a kan, ɗaya ta lagireto, ɗaya ta sanyaya abin da ake bugawa, kuma wajen sake jona wayoyi akan musanya su. Idan ka ga fankar lagireto na tsayawa a shimfiɗar farko ta bugu sannan ta tashi a ta biyu, ka musanya. Duba fuskarta ma: iska na fita ta gefen da ke da sitika, wannan gefen ne zai kalli lagireto. Bayan hunturu kuwa, ƙurar da ta taru tsakanin haƙarƙarin lagireto da kan fukafukan fanka kan rage iskar sosai; tsohon buroshin haƙori ya ishe ka.

Idan maƙogwaronka mai tiredi ne a sama, shafa ɗan man da masu gyaran kwamfuta ke sa wa firosesa a tiredin da ke shiga lagireto. Can kaɗai. Kada ya taɓa gefen bulo. Idan firintar na cikin akwati rufaffe, buɗe ƙofa da murfi duk lokacin da kake buga PLA, ka rage zafin farantin da ake bugu a kai zuwa 50 ko 55. Dogon aiki kuma a bar shi sai bayan la'asar ko da asuba idan wuta ta ba da dama.

Sai ja da baya, wato yadda giya ke ɗan janye zare idan nozul zai tsallaka wuri. Saitin da manhajar Cura ke zuwa da shi don Ender 3 na kusan milimita 5 ne, ya dace da kai mai tiyo har ƙasa. A kai mai ƙarfe zalla wannan tsawon na jawo narkakkiyar roba ta hau cikin sanyin maƙogwaro ta daskare a can. Sauke shi zuwa milimita 2 ko 3 idan giyarka na nesa tana turowa ta dogon tiyo, kada ya wuce 4. Idan giyar na zaune a kan kai, 0.5 zuwa 1 ya isa. Abu mai ƙananan ramuka da yawa, wanda ke sa ja da baya ɗaruruwa cikin ɗan lokaci, shi zai fara tona wannan matsalar.

Ɗauke wuta ma na haifar da irin wannan toshewar, mutane kuma ba sa danganta su. Wuta na tafiya fanka ta tsaya, bulo kuwa na kan 200, zafinsa ya bi maƙogwaro ya hau. Washegari ka kunna, zare ya ƙi gaba ya ƙi baya. Idan an ɗauke wuta ana cikin bugu, zaro zaren nan take tun kan na da zafi. Haka nan ko da wuta, kada ka kashe injin sai kan ya sauko ƙasa da 50.

Lambar da ke kan allo

Allo ba ya auna zafi, juriyar tamista yake aunawa, ya duba wani jadawali da ke cikin manhajarsa ya fassara. Idan sabon kai ya zo da tamista irin daban, jadawalin ya zama ba nata ba. Abin da ke ruɗarwa shi ne a zafin ɗaki duk suna nuna daidai, tun da dukkansu kilo-om 100 ne a digiri 25. Sai an hau wajen 200 suke rabuwa, kuma bambancin kan kai digiri goma ko fiye. A Marlin, manhajar da ke tafiyar da injin, Ender 3 na zuwa da lamba 1 a layin TEMP_SENSOR_0, tamistar Semitec da ke zuwa da V6 na asali kuwa lamba 5 ce. Idan ka sa Semitec ba ka canza lambar ba, allo zai nuna 200 alhali bulo bai kai ba, giya ta yi ta ƙas-ƙas. Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da tsohuwar tamistarka idan ta shiga ramin sabon bulo. In ba haka ba sai a sake loda manhajar allon da lambar da ta dace; mai amfani da manhajar Klipper a maimakon Marlin kuwa layin sensor_type kawai zai gyara. Idan maltimitarka na da wayar auna zafi, cusa bakinta ƙarƙashin safar silikon da ke rufe bulo ta taɓa bulo, ka kwatanta. 'Yan digiri kaɗan ba komai ba ne.

Bayan nan sai daidaita PID, lissafin da injin ke bi wajen kunna hita da kashe ta. Sabon bulo da sabuwar hita ba sa ɗaukar zafi kamar tsofaffin, shi ya sa za ka ga lamba na lilo tsakanin 195 da 208, ko injin ya tsaya da gargaɗin cewa zafi ya kuɓuce masa. Jona kwamfuta ta Pronterface, manhajar da ke aika wa firinta umarni, sa safar silikon, kunna fankar sanyaya bugu kamar yadda kake bugu da ita, ka fara daga sanyi ka tura:

M303 E0 S210 C8

Zai hau ya sauka sau takwas, ya ba ka lambobi uku, Kp da Ki da Kd. Shigar da su da M301, kowace bayan harafinta P da I da D, sannan M500 don su zauna. A Klipper umarnin shi ne PID_CALIBRATE HEATER=extruder TARGET=210, sai SAVE_CONFIG. Bayan haka lilon bai kamata ya wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Gargaɗin kuɓucewar zafi kuwa kada wani ya ce ka kashe shi a manhaja. Shi ne ke tsayar da hita ranar da tamista ta zame daga raminta.

Sai yanzu ne maganar ƙara zafi ko rage shi ta zo. PLA na tsakanin 190 da 220, PETG 230 zuwa 250, ABS wajen 240 zuwa 260. Kai mai ƙarfe zalla kan so ƙarin digiri biyar, nozul na ƙarfe mai tauri kuma ƙarin biyar zuwa goma sha biyar, domin bai kai tagulla ɗaukar zafi ba. Buga hasumiyar gwaji mai sauka da digiri biyar-biyar daga 220 zuwa 190, ka karya kowane hawa da hannu, ka zaɓi mafi ƙarancin zafin da shimfiɗu suka riƙe juna da kyau. A yanayinmu kowane digirin da ka rage sauƙi ne ga maƙogwaro. Mai tiyon PTFE har nozul kada ya wuce 240 a dogon aiki: tiyon na ƙonewa, bakinsa ya yi baƙi ya tsuke, kuma hayaƙinsa idan zafi ya yi yawa na da illa, musamman ga tsuntsaye, mai kiwon tattabaru kusa da wurin aiki ya lura.

Gudu ma na da iyaka. Ninka kaurin shimfiɗa da faɗin layi da gudu: 0.2 sau 0.45 sau 60 ya ba da 5.4, wato milimita kubik na robar da ke fita a daƙiƙa, kowane kai zai iya wannan. Amma 0.3 sau 0.6 sau 80 ya kai 14.4, wanda ke bakin iyakar kai irin V6 da PLA. Idan ƙas-ƙas na zuwa ne kawai wajen cika ciki inda gudu ya fi yawa, rage gudun.

Fitar da abin da ya riga ya maƙale

Datti a nozul, ja da sanyi ke fitar da shi. Cire tiyo daga saman kai, ɗumama zuwa 210, tura farin PLA da hannu har ya fito, kashe hita kana ci gaba da ɗan danna shi har ya daina motsi. Idan ya sauko wajen digiri 90, fizge shi sama da ƙarfi a miƙe. Zai fito da siffar cikin nozul, dattin na manne a jikinsa. Maimaita har bakin ya fito fari tas. Allurar milimita 0.35 ko 0.4 kan buɗe ramin daga ƙasa da zafi, amma tura dattin kawai take yi ciki, sai an bi ta da jan. Idan a maƙogwaro ya daskare, tsayar da fankar lagireto na minti ɗaya ko biyu kan na 220, ka tura toshin ƙasa da alankin milimita 1.5, wato siririn makullin sukuru mai gefe shida, ka sake tayar da fankar nan da nan. Nozul na tagulla da ya ƙi buɗewa bayan ja uku, jefar da shi. Lokacinka ya fi shi tsada. Da yake kayan nan sai an yi odarsu daga Kano ko Legas ko Sin, sayi nozul biyar da tamista biyu da mita ɗaya na tiyo a tafi ɗaya.

Akwai kuma abin da ke kama da toshewa ba ita ba. Sabon kai ba lallai tsawonsa ya zo daidai da tsohon ba. Idan ya fi tsawo da ɗan kaɗan, nozul zai danne faranti, roba ta rasa mafita, giya ta yi ƙara tun shimfiɗar farko. Sake daidaita tazarar da takarda a kusurwa huɗu da tsakiya, kai da faranti duk da zafinsu. Lambar matakan giya, 93 a Ender 3 na asali, ba ruwanta da canjin kai, kada ka taɓa ta sai in giyar ka canza. Leƙa ƙarƙashin hannun robar giyar ma, yakan tsage a ɓoye. A cikin marka kuma, zaren da ya kwana a buɗe na shan laima, ka ji yana tas-tas a nozul yana fita da kumfa; shanya PLA a digiri 45 zuwa 50 na awa huɗu zuwa shida, ka adana shi a bokiti mai murfi da buhunan silika.

Gwajin ƙarshe kada ya zama ɗan kubu na minti goma, domin hawan zafi ba ya nuna kansa a wannan lokacin. Zaɓi abu mai ginshiƙai da yawa da zai ci awa ɗaya da rabi, ka buga shi da tsakar rana a wurin da injin zai riƙa aiki, ka canza abu ɗaya tak tsakanin gwaji da gwaji, ka rubuta saitin da ya yi a takarda ka manna a jikin firintar da sunan zaren da watan da aka gwada.